Kafin Uwata Ta Tafi Samaru

Ina tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibaina Yaya ya turo a kira ni. Yaron da ya aiko ya ce, "Gwaggo, Baba ya ce in da hali ki zo yanzu, maganar Uwarki ce." 'Yarsa ta fari yake nufi. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba mai kama sunanta a gidanmu, ni kuwa tun tana zanin goyo Uwata nake ce mata.

Na tarar da shi a tsakar gida kan tabarma, waya a hannu, matarsa na gefe ta yi tagumi. Sakamakon JAMB, jarrabawar shiga jami'a, na 2023 ya fito, yarinya ta samu 238 cikin 400. Likitanci ta cike, kuma kowa ya san wannan makin da wuya ya kai ta can. To ashe wani mutum ya kira Yaya, ya ce yana da hanya a sama, in aka tura masa naira dubu 150 zai sa a ɗaga makin. Har Yaya ya ware buhunan masarar da zai fitar gobe. Ya ce, "Ke kika san harkar nan. In tura masa?"

Na ce, "Yaya, kada ka tura ko sisi."

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa. Ya damƙi masara ya murza a tafin hannunsa, zai gaya maka ko ta bushe ko da saura, ba mai cutarsa a awo. Amma boko a aji uku na sakandare ya tsaya, don haka duk wanda ya zo masa da Turanci da sunan wani ofis sai jikinsa ya yi sanyi. A ranar na gane cewa ba yarinyar kaɗai ke buƙatar shiri ba. Iyayenta sun fi ta buƙata. Kuma na san haka ne domin abin da ya same ni.

Ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a, a shekarar 2001. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, manomi ne. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya sayar ya biya mini kuɗin rajista, ya saya mini akwatin ƙarfe da risho. Inna ta kwana uku tana dakan yaji da ƙuli-ƙuli. Ranar tafiya ya raka ni tasha, ya dafa kaina ya ce, "Ki ji tsoron Allah, ki riƙe mutuncinki." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ya ba ni shi da zuciya ɗaya. Har gobe ina cin albarkacin waɗannan kalmomin. Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa a jami'a ba a kaɗa ƙararrawa, ba mai bin ka da bulala ya ce shiga aji, ba kuma malamin da zai lura ko ka zo ko ba ka zo ba sai ranar da sakamako ya fito.

Ban san cewa gwaje-gwajen da ake yi a tsakiyar zango suna ɗauke da kashi 30 ko 40 na makin darasi ba. Na ɗauka irin gwajin sakandare ne da ake yi a manta. Biyu sun wuce ni ina kwance da zazzaɓi, ban kuma san ana kai takardar asibiti a nemi a sake ba. Da aka manna sakamako a allo, na ga F guda biyu a gaban lambata. Kariyoba, kamar yadda ɗalibai ke cewa, wato darasin da sai an sake shi. Na tsaya a wurin har kowa ya watse. Abin da ya fara zuwa raina shi ne san huɗar nan da Baba ya sayar, da yadda ya yi huɗar bana da aron na maƙwabci.

Ban faɗa ba. Da na dawo hutu aka ce ya karatu, na ce alhamdu lillahi. Kuɗina ya ƙare tun tsakiyar zango na biyu, shi ma ban faɗa ba. A shekarar ce wayar salula ta shigo Najeriya, amma ina mu ina ita. Wasiƙa ake ba direba a tasha, kuma na kasa rubuta wa Baba cewa ina jin yunwa. Sau ɗaya nake cin abinci a wuni, sauran garin kwaki da ruwa. Ƙarshenta gyambon ciki ya kwantar da ni, har yau ina fama da shi. Na gama karatun, na samu digiri, ga shi ina koyarwa shekara goma sha takwas. Amma waɗannan F biyu na zangon farko sun bi ni har ƙarshe, duk ƙoƙarin da na yi a shekarun baya bai fitar da ni daga mataki na biyu ƙarami ba. Baba ya rasu bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tabbata da na faɗa masa, ba zai yi faɗa ba. Ni dai ban ga ƙofar da zan bi in faɗa ba ne.

Saboda haka da Yaya ya ce in shige gaba a maganar Uwata, na ce na yarda, amma da sharaɗi: duk abin da za a yi, da shi da matarsa Anti za a yi, ba zan karɓi yarinya in je in gama komai in dawo musu da labari ba.

Muka fara da takardu. Na sa aka kawo komai aka baza a kan tabarma: sakamakon WAEC, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da ta JAMB. Na ce wa Uwata ta karanta sunanta da ranar haihuwarta a kowace, da ƙarfi. A nan muka ga a takardar haihuwa watan Maris aka rubuta, a NIN kuma watan Mayu. A wata an sa sunan kakanta a ƙarshe, a wata babu. Ba laifin kowa ba ne sai namu, domin kowace takarda wani daban aka aika ya yo, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Yaya ya ce, "To ai duk ita ce." Na ce kwamfuta ba ta san ita ce ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma bayanan da ke NIN su ne ke bin yaro har jami'a, har ranar da za a tura shi bautar ƙasa. Mun yi sati uku muna zirga-zirga, da takardar rantsuwa a kotu da komai, kafin suka daidaita. Gara wannan wahalar a gida da a je wurin tantancewa a dawo da yarinya tana kuka.

Sai maganar layin waya. Lambar da ake fara rajista da ita, saƙo ake turawa zuwa 55019 ko 66019 ta dawo a kan layin da aka tura, kuma wannan layin ya zama na ɗalibi ke nan. Na tambayi layin wa aka yi amfani da shi. Aka yi shiru. Ashe na yaron shagon Yaya ne, shi kuwa ya tafi Legas ci-rani. Ta nan ma na fara zargin yadda mai neman dubu 150 ya san makin yarinya da lambar ubanta, domin an ta yawo da takardarta daga wannan shagon kwamfuta zuwa wancan. Da ƙyar aka samo layin, aka aiko da shi ta hannun wani direban tirela. Na ɗaure shi da takarda na ba Anti na ce ta ajiye inda take ajiye 'yan kunnenta na zinare.

Na kuma zaunar da Yaya na yi masa bayanin CAPS, wato tsarin ba da gurbin karatu ta intanet. Tun 2017 hukumar JAMB ta kawo wannan tsarin, kuma duk gurbin karatun da bai fito a cikinsa ba, ba gurbi ba ne, ko wane ne ya sa hannu a takardar. Yaro da kansa zai shiga ya gani, ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Na nuna masa a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato mutumin nan iska zai sayar mini." Ya kira shi a gabana ya ce ya fasa. Buhunan masara suka koma ɗaki, kuma su ne daga baya suka biya kuɗin rajista.

Inda muka fi jan zance shi ne kwas. Bayan tantancewar jami'a, Uwata ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ke Samaru, amma a fannin nazarin ƙananan halittu, ba likitanci ba. Yaya ya kafe a kan ta zauna ta sake JAMB baɗi. Shi tun tana firamare yake ce mata likita, abokansa a kasuwa ma Baban Likita suke kiransa. Na fahimce shi. Amma na ga yara da yawa a makarantarmu sun zauna shekara uku, huɗu, suna bin likitanci, har zuciyarsu ta mutu, ba likitancin ba wani. Ban yanke masa hukunci ba, na ce a kira mai abin a tambaye ta. Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa. Da farko ta ce duk abin da Baba ya ce. Na ce, "Uwata, ba wannan na tambaye ki ba." Ta daɗe, sannan a hankali ta ce ita jini ma tsoronsa take ji, kuma aikin ɗakin gwaji ya fi kwanta mata a rai tun ranar da aka nuna musu ɗigon ruwan kududdufi a madubin ƙara girma. Yaya ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta. Shekara goma sha bakwai tana gabansa, bai taɓa jin wannan ba, domin bai taɓa tambaya ba. Ya ce, "Allah Ya sa shi ne mafi alheri." Daga nan ba a sake maganar ba.

Anti kuwa damuwarta daban. Wata rana da daddare ta same ni a gida ta ce, "Ni fa tsoro nake ji. Kin san abin da ake faɗa a kan 'yan matan jami'a." Na ce na sani, kuma ba zan ce mata duk ƙarya ba ne. Akwai miyagun ƙawaye, akwai samari masu motoci da ke zagaye ɗakunan kwanan mata da yamma, akwai shaye-shaye, akwai kuma malamin da ba ya tsoron Allah da zai nemi ɗaliba da maki. Amma a wurin nan akwai masallaci cike, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, akwai 'yan matan da suka haddace Alƙur'ani suna karatun injiniya. Abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne yawancin yaran da suka faɗa hannun banza, ta ƙofa biyu suka shiga: ko yunwa, ko tsoron faɗa wa gida wani abu da ya faru. Yarinyar da ta san in wani ya matsa mata za ta kira uwarta a saurare ta ba tare da an ce "me ya kai ki ofishinsa" ba, da wuya a yi mata barazana ta yi tasiri. Na ce, "Anti, ke za ki yi mata wannan maganar, ba ni ba." Ta ce kunya take ji, 'yar fari ce. Na san nauyin kunyar ɗan fari a wurinmu, ban raina ta ba. Muka shirya in fara, ita ta ƙarasa. Muka shiga ɗaki mu uku muka rufe ƙofa. Na faɗi nawa: kada ta shiga ofishin malami ita kaɗai in tana iya jan ƙawa, ta ajiye duk saƙon da bai dace ba, ta san ofishin kula da harkokin ɗalibai da malamin da aka ba ajinsu ya riƙa ba su shawara. Sai na fita na ja musu ƙofa. Ban san me suka ce ba. Sun fi awa ɗaya, kuma da suka fito idanunsu duka sun yi ja.

Maganar kuɗi a takarda muka yi ta. Lokacin an cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, komai ya tashi. Yaya ya ɗauka in ya biya rajista ya yi mata buhun abinci, shi ke nan sai hutu. Na ɗauko littafi na ce mu rubuta abin da ba a gani: kuɗin buga takardu da kwafi, datar waya domin yanzu har rajistar darussa a intanet ake yi, farar rigar ɗakin gwaji, gas ko kananzir, sabulu, audugar mata, magani, kuɗin mota in an yi rasuwa ko rashin lafiya. Da muka haɗa, Yaya ya cire hula ya shafa kai. Na ce gara ya yanka abin da zai iya, ko kaɗan ne, ya riƙa turawa ranar ɗaya ga wata ba fashi, da ya ba ta da yawa yau sannan ta yi wata biyu tana jira ba ta san ranar ba. Aka buɗe mata asusun banki da sunanta. Na kuma gaya masa ya sa a ransa shekara huɗu na iya zama biyar, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wannan ya shafi har maganar wani yaro da ya fara turo iyayensa. Yaya ya ce musu su yi haƙuri tukuna, kuma ya faɗa musu gaskiyar tsawon lokacin. Daga baya, da aka buɗe bashin ɗalibai na NELFUND a watan Mayu 2024, Yaya ya ƙi da farko don gudun riba. Sai da na nuna masa babu ruwa a ciki, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, sannan ya amince ta cike.

Abin da na fi ba muhimmanci, dare biyu kafin tafiya na yi shi. Na zana musu yadda ake lissafin maki. Sakamakon A daga 70 zuwa sama ne, maki 5. F kuwa sifili, kuma sifilin nan ba ya gogewa, yana shiga lissafi har ranar gamawa. A matsakaicin makin digiri, mataki na ɗaya daga 4.50, na biyu babba daga 3.50, na biyu ƙarami daga 2.40. Na ce shekarar farko ita ce harsashi, kuma ita ce yara suka fi wasa da ita. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na ba su labarin F ɗina biyu, da yunwar, da gyambon ciki. Yaya ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Lokacin nan da kika dawo kin rame, Inna ta ce karatu ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ina da kuɗi a lokacin. Na fara awo. Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na kasa ba shi amsa. Ya juya wurin 'yarsa ya ce, "Ki ji da kyau. In kin ci ki faɗa mini, in kin faɗi ki faɗa mini. In kuɗinki ya ƙare ki kira ni ko tsakar dare ne. Na yi miki alkawari ba zan ɗaga miki murya ba."

Kaya kam Anti ta gama da su: katifa, bokiti biyu, gidan sauro, kwaɗo, tocila, da bakko cike da garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man gyaɗa, yaji da dambun nama. Ni na ƙara da jakar roba mai ɗauke da kwafin kowace takarda sau biyar da hotuna. Dukkanmu muka raka ta, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Na nace Yaya ya shiga ya gani da idonsa, kada ya tsaya a bakin ƙofa. Muka taka da ƙafa daga ɗakin kwanan mata na Amina zuwa sashensu, muka wuce ta gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, muka nemo asibitin makaranta da masallaci. Jami'ar nan tun 1962 take, Yaya ya wuce ta gabanta da lodin hatsi ba adadi, amma ranar ce ya fara shiga. Wata ɗaliba 'yar aji uku daga garinmu ta karɓi bokitin Uwata ta ce, "Baba, ku tafi hankali kwance, ƙanwata ce." Anti ta karɓi lambarta. A mota, har muka wuce Giwa ba wanda ya ce uffan.

Watanni bayan nan, wata ranar Laraba bayan isha'i, ina gidan Yaya wayarsa ta yi ƙara. Uwata ce. Ya sa a fili kamar yadda ya saba. Ta gaishe mu, sai muryarta ta fara rawa. Sakamakon zangon farko ya fito. Ta ci komai, har da A biyu, amma lissafi ya kayar da ita.

Na ga muƙamuƙin Yaya ya motsa. Anti ta kalle ni. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To. Kin ci abinci?"

Ta ce ta ci.

Ya ce, "Gwaggonki ta ce ana sake shi baɗi, ko ba haka ba?" Ta ce haka ne. Ya ce ta nemi wanda ya iya a cikin 'yan gaba da ita ya riƙa koya mata, in da abin biya zai biya. Ya ce ranar Asabar yana da lodi zuwa Zariya, zai biyo ya kawo mata shinkafa da manja, ta rubuto sauran abin da ya ƙare. Sannan ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shiga ɗaki.

Na kara a kunne. Ta ce, "Gwaggo, na faɗa masa."

Na ce, "Na ji, Uwata. Ɗauko takardar darussanki ki karanto mini, mu ga yadda za a tsara zango mai zuwa."